Engkus da Amsar Bayan Littafi

Tun muna sakandare a Garut na san Engkus Sumarna, kuma tun lokacin ba ya fara lissafi daga farko. Sai ya leƙa amsar a bayan littafi, sannan ya zauna ya ƙera hanyar da za ta kai shi can. Malamai suna ta yabonsa. Ni da ke zaune kusa da shi, takaici kamar ya kashe ni.

Da wannan hali ya je Jamus ya dawo da digiri da tumbi. Muka sake haɗuwa a wata jami'a a Bandung, ƙarƙashin Farfesa Lilis Rohaeni, wadda kowa ke kira Bu Lilis. Aikinmu a kan furoton ne, ƙwayar nan da ke tsakiyar zarra. Furoton yana da juyi irin nasa, a cikinsa kuma akwai 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira kwak. Tambayar ita ce, nawa ne rabon kwak a wannan juyin? Alƙalami ba ya iya wannan lissafi. Sai mu yanka sarari gida-gida kamar ramukan dara, mu ɗora wa babbar kwamfuta, ta yi wata da watanni tana nishi, ta fito mana da ɗigo-ɗigo a jere. Daga nan sai ido da amana: ka zaɓi inda ɗigon suka kwanta daidai, ka karanta lambarka a wurin.

To, a nan Engkus ke cin kasuwarsa. Masu gwaji da manyan injuna sun daɗe da cewa rabon kwak kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Sai gogan ya yi ta matsar da wurin zaɓensa, hagu kaɗan, dama kaɗan, ya zubar da duk ɗigon da ya ƙi jin magana, har lambarsa ta zauna daram a kan tasu.

"Kang Engkus, kai kwamfutar ma tsoronka take ji, ko?" na ce masa wata rana a kantin shayi.

Ya gatsi soyayyiyar ayaba, mai na bin gemunsa. "Hannu ne, Tatang, hannu! Ku kun cika wahalar da kai."

Shekara da shekaru yana aikin kwantiragi. Sai aka buɗe kujerar malami na dindindin guda ɗaya a sashenmu. Ni na riga na samu tawa, don haka takarar ta zama tsakaninsa da wata abokiyar aikinmu, Imas. Bu Lilis ta ce mu ukun kowa ya yi lissafin shi kaɗai, daga ɗigo iri ɗaya, a ga aikin wa zai tsaya. Engkus har ya gaya wa surukinsa an gama.

A taron da ta faɗi haka ne kuma ta kawo sabon tsari. Kwamfuta za ta ninka duk ɗigon da wata lamba da ba wanda ya sani, har ita, don kada zuciya ta ja hannun kowa. Sai ranar ƙarshe a cire.

"Madalla, Bu! Tunani mai zurfi!" in ji Engkus, idonsa a kan waya, yana taya shugaban tsangaya murnar sabuwar mota. Haka yake ce mata ko da cewa ta yi hadari ya haɗo. Wallahi ko kalma ɗaya bai ji ba.

Wannan karon ya sha wuya. Ɗigon suka ƙi lanƙwasuwa, sai da ya watsar da kusan rabinsu.

Ranar buɗewa ya zo cikin sabuwar rigar batik, da kwalayen shinkafa da kaza na walima. Lambata da ta Imas suka fito kusan rabi, munana da su. Tasa kuwa kashi ɗaya cikin uku cif. Ya dube mu da tausayi, mara kunya!

Bu Lilis ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta danna maɓalli, kwamfuta ta cire ninkin. Tawa da ta Imas suka sauko kusa da kashi ɗaya cikin uku. Ta Engkus ta faɗa ƙasa da kwata.

"Pak Engkus," in ji ta a hankali, "yaya aka yi ka sami amsar daidai, alhali ɗigon ba daidai suke ba?"

Na zaci ko yau kunya za ta ziyarce shi. Ina! Ya share zufa, ya yi ɗan murmushin nan nasa na fadanci.

"Ki ba ni kwana biyu kawai, Bu. Zan iya dawo da ita daidai."

"Na san za ka iya," ta ce. "Shi ya sa Imas za ta hau kujerar."

Yanzu yana Jakarta, a wani kamfanin auna ra'ayin masu zaɓe. An ce duk ɗan takarar da ya ba shi aiki, shi ke kan gaba.