Jan Dutse na Bakwai

Na kasa mantawa da ranar Larabar da muka mayar wa matan wani ƙauye kusa da Gafasa sakamakon bincikenmu. Wata biyu ke nan. Ku sababbin da aka ɗauka bana nake rubuta wa wannan.

Ni mai tattara bayanai ce, ta ƙasa a tawagar. Sama da ni akwai sufabaiza, sama da ita kuma Dakta, shugabar aikin, wadda take zuwa daga Kano. Da damina nakan hau babur daga Gaya, in shiga gida-gida ina tambayar mata yadda abinci yake isarsu kafin sabon hatsi ya nuna. Tambaya mafi nauyi ita ce ko an taɓa kwana a gidan ba a ci ba. Kafin in yi ta, ƙa'ida ce in ce, "Ba za a rubuta sunanki ba, lamba kawai za a sa."

Da aka gama, Dakta ta ce ba za ta tara mata ta nuna musu alƙaluma a takarda ba. "A ba su abin da za su taɓa da hannu," in ji ta. Aka sayo duwatsun roba irin na jigida. Kowane gida dutse ɗaya: fari in ana ci kullum, ja in an taɓa kwana da yunwa. Kowace unguwa zare ɗaya. Ni aka ba zurawa. Na ɗauko takardun yadda suke a jere, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ina dubawa ina zurawa. Da na rataye zarurrukan a tagar ofis, rana ta ratsa su, haske ja-ja yana lilo a bango. Na daɗe ina kallo kamar a mafarki.

Bayan azahar mata suka cika tabarmi a filin makarantar Islamiyya. Aka raba zarurrukan suna yawo hannu-hannu. Gwaggo Laure, tsohuwar ungozomar garin, ta karɓi na unguwarsu ta fara jansa kamar carbi.

"Yarinya, daga bakin rijiya kika fara shiga gidaje, ko?"

Na ce, "E, Gwaggo."

"Ai na gan ki. To wannan farin, gidan Ɗanlami ke nan. Wannan na wanzami."

Wata ta ce, "Gwaggo, yaushe kika yi boko?"

"Ina ruwana da boko? Sawun yarinyar nan nake bi."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa a lokacin na gane abin da na yi. Lambobin takardun jerin tafiyata ne, kuma duk unguwar ta ga tafiyar. Dutse na bakwai ja ne, gidan malamin da yake koyarwa a makarantar da muke zaune a filinta. Matarsa, Inna Saude, ranar da na je gidan sai da ta ja ni uwar ɗaki kafin ta gaya min cewa ruwa zalla take ɗorawa a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi.

Tana can gefe, kai a sunkuye, tana murza bakin tabarma. Muryoyin mata suka yi min nisa kamar ina cikin rijiya. Babban yatsan Gwaggo yana kan na biyar. Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga zaren a hannuna, na naɗe shi a yatsa, na fizga.

Duwatsun suka watse, suna tsalle a kan tabarmi, fari da ja, wasu suna gangarawa cikin yashi a hankali.

Sufabaiza ta ce, "Rabi, lafiyarki?"

Na ce, "Zaren ne ba shi da ƙwari."

Gwaggo ta daɗe tana kallona. Sannan ta jawo ƙwarya, ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta girgiza, ta miƙa wa Dakta. "A haka za ki nuna mana, 'yata. Mu ga fari, mu ga ja, shi ke nan." Dakta ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta sa aka karɓo sauran zarurrukan, ta tsinka su da hannunta.

A mota ba ta yi min faɗa ba. Cewa ta yi, "Ni ma na duba su, ban gani ba."

Abin da ban sani ba har yau shi ne ko idon Gwaggo ya riga yatsanta isa, da kuma mata nawa suka ƙarasa ƙirgen a zuci. Da za a watse Inna Saude ta ce min, "A gai da mutanen Gaya," ba ta ɗago ba.

Don haka ku gauraya takardunku kafin ku zana komai, ko ku saƙa, ko ku jera. Mu a ofis mun ɗauka in an cire suna an rufa asiri. A ƙauye kowa ya san ƙofar da ke bin ƙofa, kuma duk gidan da kika shiga, akwai wadda ta ga shigarki.