Tambayar da Ba a Yi wa Sahabi ba

Yau shekara arba'in da takwas da rasuwar ƙanena Sahabi, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Zamanin soja ne, kuɗin fetur sun cika gari, manyan motoci na ta kwarara Sakkwato. Ɗaya daga cikinsu ce ta kife da mahaifinmu da buhunan geronsa a hanyar Kwalkwalawa. Sahabi na cikin motar, yana da shekara goma sha uku. Ya fito ko ƙwarzane babu. A zaman makoki bai zubar da hawaye ba, dattawan Ƙofar Marke suka yi ta yaba masa, wai yaro da tawakkalin manya. Mu ma muka ji daɗin yabon.

Bayan wata biyu ya fara jifan motoci. Ya fasa gilashin wata, alƙali ya tura shi gidan horon yara. Ranar da aka karɓe shi ina tsaye. Aka auna tsawonsa, aka duba haƙoransa, aka aske masa kai saboda ƙwarƙwata. Ba wanda ya tambaye shi abin da idonsa ya gani. Duk ranar da motar abinci ta shigo gidan sai ya hau ihu da duka. Suka rubuta masa "kangararre", suna yi masa bulala suna kulle shi. A ɗakin kullen zazzaɓi ya kama shi, bayan kwana huɗu ya rasu.

Yanzu 'yata ma'aikaciyar jinya ce a irin wannan gida. Ta ce kowane yaro aka kawo sai an zaunar da shi an tambaye shi: ka taɓa ganin mutuwa a gabanka? Abin yana dawo maka? Mene ne ke firgita ka? Wanda aka ga alamar firgici a tare da shi, likita ake haɗa shi da shi. Da Sahabi zai ji, ina jin dariya zai yi. Ashe abin bai fi tambaya uku ba.

Na daɗe ina zagin masu gidan nan, kuma ban janye ba. Amma akwai ziyarata ta ƙarshe. Ya riƙe hannun rigata ya ce, "Yaya, har yanzu ina ganin hannun Baba ƙarƙashin buhunnan, shina motsi."

Na ce, "Yi shiru. Ɗa namiji ba shi hwaɗin wanga. Kak ka ba mu kunya."

Ya yi shiru. Sahabi yaro ne mai jin magana, kuma shirun nan ne abin da ya rage mini nasa.