Ƙoren da Baba ya jera a zaure

Ina kwance ƙarƙashin wata bas a garejinmu na Kano, ranar Talata da hantsi, ƙanwata Rabi ta kira ni ta ce Baba ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da baƙin mai a hannuna na hau motar garinmu Minjibir.

Mahaifina Malam Garba tsohon direba ne da ya koma noma. Bayan rumbunmu akwai wata tsohuwar jif da maigidansa na da ya bar masa, ta yi shekaru ba ta tashi ba. A shekarun nan da tsadar hatsi ta sa mutane sayar da garmar shanunsu, 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun yi ta yi masa sintiri don ya sayar musu da ita. Ya ce musu motar ba mutuwa ta yi ba, barci take. Sai ma ya shiga kwance injinta. Duk ƙarfen da ya cire, fistin ne ko ɗan noti, sai ya wanke shi da kananzir, ya sa shi a ƙwaryarsa daban, ya jera ƙoren a zaure bi da bi. Yakan ce, "Wanda ya fito ƙarshe, shi zai fara komawa."

Ba zan ɓoye ba, na yi kishi mai zafi. Ni bakanike ne, da sana'ar nake ci da iyalina, amma ko sifana bai taɓa bari na ɗauka ba. Maƙwabcinmu Malam Iro, dattijon da bai san fulogi ba sai a bakin Baba, shi ke riƙe masa ƙarfe, shi ake nuna wa komai. Duk Juma'a in zo, in zauna a gefe ina kallonsu suna dariya, abin da ake sa ni bai wuce miƙo ruwa ba. Na sha gaya wa Inna cewa Baba ya raina hannuna. Nakan yi niyyar daina zuwa, amma Juma'a na yi sai ga ni a tasha, ko yau zai ce in taɓa.

Ranar sadakar uku Malam Iro ya ja ni zaure, wajen ƙoren. Ya ce shi ma ya taɓa tambayar Baba dalilin hana ni, ga ɗa gwani a gida. Baba ya ce masa, "Idan Auwalu ya sa hannu, kwana biyu ya gama. To me zai riƙa kawo min shi ranar Juma'a?"

Nan na durƙusa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Na fara mayar da injin daga ƙwaryar ƙarshe, kuma ƙwarya ɗaya kawai nake ɗauka duk Juma'a, domin Inna tana nan, ita ma tana jiran zuwana.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe min zargin da na yi masa. Allah Ya ba Inna da Rabi da Malam Iro haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.