Ɗorin da ban yi ba a Doha

Muna idar da sallar asuba muka bar Funtuwa zuwa filin jirgin Kano, ni da wani abokina da ƙwallo ta gama cinye wa hankali. Shi gasar cin kofin duniya ta ja shi Doha. Ni kuwa autanmu zan gano, direban motar kamfani a can, rabona da shi tun kafin korona. Ana saura kwanaki mu tashi ya kira ni murya ƙasa-ƙasa, wai ya zame a matakala, wuyan hannunsa na dama ya kumbura, in taho da man shanu da karan ɗori, kada Inna ta ji. Ɗori gadonmu ne. Tun da Baba ya rasu a shekarar kulle, ni nake zama a tabarmarsa.

Man shanun ko Kano bai bari ba, don na yi wautar sa shi a jakar hannu. Ma'aikacin ya buɗe, ya shinshina, ya tambaye ni ko tuwo zan je tuƙawa a jirgi.

Doha muka tarar ta cika maƙil, tutoci ko'ina, baƙi na ta waƙa a cikin jirgin ƙasan da ba shi da direba. Abokina ya bi ayarin masu ganguna, ni na nufi Bin Omran, inda autan namu yake zaune. Unguwar tsofaffin gidaje ce da ƙananan kantuna, shayin karak riyal ɗaya, zaƙi kamar an kifar da buhun sukari a ciki. Tun daga ƙofar gidansu ƙamshin miyar kuka ya tare ni, sai na ji kewar gida, alhali jiya na baro shi.

Abokan ɗakinsa masu gadi ne, 'yan Katsina da Gombe. Su suka ja hannun, suka jera masa tsinken tsire suka naɗe da bandeji, wai ƙashin ɗan mai ɗori ba ya gardama. Shi kuma yana ta tuƙi da hagu don kada kamfani ya gane ya sallame shi.

Na kwance, na bi ƙashin da babban yatsa tun daga gwiwar hannu, yadda aka koya mini. Ba targaɗe ba ne. Karaya ce, ta shiga cikin gaɓa, har ta fara haɗewa a karkace, yatsu biyu kuma ba sa jin taɓi. Irin wannan Baba bai taɓa sa hannu ba, asibiti yake turawa.

"Yaya, ka ja kawai ka ɗaure, khalas, shi ke nan. In kafil, uban gidanmu a kamfani, ya ji, jirgi zai sa ni zuwa gida."

"In na ja, hannun nan ya gama riƙe sitiyari. Tashi mu tafi."

Ya tashi rai a ɓace, muka nufi asibiti. Aka ɗauki hoto, likita ta nuna mana tsagar a allo, ta ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Na daɗe ina kallon hoton, abin da yatsuna suka saba lalube ne yau nake gani da ido.

Da za a shiga da shi ya miƙo mini hannun.

"Yi mini tofin Baba."

Na yi, kamar yadda Baba ya yi masa a zaure ranar da ya faɗo daga mangwaro yana yaro. Sai ga hawaye a idonsa. Bai samu jana'izar Baba ba, a waya ya ji rasuwar yana kulle a ɗaki. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Kamfani ya yi 'yan ƙunƙuni, ya ba shi hutun jinya. Ranar da zan taho ya matsa yatsana da yatsun nan biyu, a hankali, amma na ji.

Mun sauka Kano abokina murya a dishe, ni da karan ɗorina yadda na tafi da su. Na zauna gaban Inna na faɗa mata komai, ta yi faɗa, ta yi hamdala. Na tafi da zaton gadonmu a jan ƙashi yake. Ban ɗora komai a Doha ba, amma ban taɓa jin na gaji Baba kamar ranar da na janye hannuna ba.