Zumar Randagi a Ƙofar Shiga Jirgi

Da autata ta haihu a Legas, mijinta ya bugo waya ya ce ba zan bi mota ba, ya yankar mini tikitin jirgi saboda ciwon gwiwata. Na sa masa albarka, na shiga haɗa kayan jego: kanwa, garin kunu, yaji, daddawa. Sai kuma zuma. Yayana ne ya aiko da ita a babur daga Randagi, daga amyarsa ta bakin daji, baƙa mai kauri, tana ƙamshin furen ɗorawa. Da irinta uwata ta dama mini kunu a duk haihuwata, kuma ban so 'yata ta sha nata da sukari. Na tace ta, na cika gorar roba, na ɗaure bakin da leda.

Mu da muka saba bin motar Birnin Gwari mun san abu ɗaya: abin da kake ji da shi ba ka sa shi a but, inda za a danne shi da buhun masara. A cinya ake rungume shi. Don haka da muka isa filin jirgi aka auna babbar jakata aka wuce da ita, sai na riƙe zumata a jakar hannu, ina ganin na yi dabara.

Filin ƙarami ne, layi ɗaya, na'ura ɗaya, da wata ƙofa marar ƙyaure da kowa zai ratsa. Ina shiga ta yi ƙara. Na cire awarwaro, na sake shiga, ta sake yi. Na cire fil ɗin hijabi, haka dai. Ashe makullan ɗakina ne da na ƙulle a haɓar zani tun asuba. Wani mai kwat a bayana sai tsaki yake yana duba agogo. Ni dai haƙuri nake ta ba kowa.

Na ɗauka an gama, sai ma'aikaciyar da ke binciken mata ta zaro gorata.

"Mama, mene ne wannan?"

"Zuma ce, 'yata. Ta mai jego."

"Ba a shiga da ita a hannu. Sai dai ki bar ta nan."

Ta nuna mini wani kwando cike da gorunan ruwa da kwalaben turare. Wanda ya rako ni ya daɗe da juyawa, ba wanda zan ba ajiya. Na ce, "To ɗanɗana ki ji, ba abin cutarwa ba ne."

Ta yi dariya. "Mama, ko na lashe rabin gorar, doka tana nan."

Duk da haka ta kwance ledar ta shinshina. Sai ta ɗago ta dube ni. "Wannan ta daji ce. Daga ina?"

"Randagi."

"Kai! Ai ni 'yar Kazage ce, maƙwabtanku. Babana ma yana da amya." Sai a lokacin na lura da harshen mutanenmu na ƙauye a bakinta. Muka tsaya gaisawa, ya gida, ya damina, kamar a kasuwa muka haɗu.

Mai kwat ya ce, "Hajiya, za ki sa jirgi ya tashi ya bar mu."

Wata dattijuwa a layi ta ce, "Ya tashi da wa? Ga direbansa can yana shan shayi." Kowa ya fashe da dariya, har mai kwat ɗin.

Ma'aikaciyar ba ta bar ni na wuce da gorar ba, amma ta tambayi kalar babbar jakata, ta yi magana a oba-oba. Ashe kayan suna kan amalanke a bayan ginin, ba a loda ba. Aka turo mini tawa. A tsakiyar fili na durƙusa na buɗe ta, ƙamshin daddawa ya cika wurin, na naɗe gorar a zani biyu na cusa tsakanin kayan jariri. Aka sake tura jakar cikin na'ura, ni ma na sake ratsa ƙofar.

Ma'aikaciyar ta ce, "Ki gai da mai jego. Ki ce yayarta ta Kazage tana yi mata barka."

Ban iya cin komai a jirgi ba, hankalina yana ƙasa wajen kaya. Muna isa gidan autata, kafin in zauna na buɗe jaka. Zumar ta ɗan tsiyaya a zanin ciki, amma gorar na nan cike. Autata ta miƙa mini jikana, ta dangwali zanin da yatsa ta kai baki, ta lumshe ido.

"Inna, ɗora tukunya mana," ta ce.