Ƙwaron Wuni Ɗaya a Fadamar Guri

Daga Haɗeja

Ana kiran assalatu muka bar barikin Haɗeja, ni da Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Kwalabe. Sunan bai yi masa ƙarya ba, don rabin kayansa kwalabe ne zalla. Ni malamin elementare ne a lokacin, muna hutu, aka ce in raka shi fadamar Guri in yi masa tafinta. Na amsa tun ba a rufe baki ba, saboda gidana ya yi mini faɗi.

Wata guda kafin nan maiɗakina Hajara ta haifi 'yar farinmu a gidan iyayenta. Da safe yarinyar ta zo, kafin magariba ta koma. Na samu na yi mata huɗuba a kunne, ni kaɗai na san sunan da na raɗa. Hajara ta aiko a tambaye ni, manya suka ce a bar zancen: ba a kai ranar suna ba, kuma mu Fulani ɗan fari ko yana raye ba ma kama sunansa. Na bi manya. Daga nan ta daina aikowa. Aka ce mini abinci ma sai an matsa mata, ta kuma ce ba ta ga abin da za ta koma yi a ɗakinta ba. Da wannan a ƙirjina na hau mota.

Motar sayen gyaɗa ce, direbanta Ɗan'azumi, mutum mai surutu. Ya tambaye ni me Bature zai harbo a fadama, kada ko dorina. Na ce ƙwaro. Ya dube ni, ya dubi hanya, ya ce lallai akwai masu ƙoshi a duniya.

Da hantsi malaman duba ciwon barci suka tare mu a gindin wata tsamiya, suka jera kowa suna laluba wuya. Mai Kwalabe ya sauko da kansa ya shiga layi bayan wata mai tallar nono. Malamin ya rasa yadda zai yi, ya taɓa wuyan da yatsa ɗaya kamar mai gwada zafin tukunya, ya ce lafiya lau.

Guri

Ba mu kai Guri da mota ba. Ruwa ya cinye hanya, sai aka ɗora kaya a kan takarkari, mu muka hau dawakin da hakimi ya aiko. Bayan la'asar muka isa, cinyoyina sun yi tsami. Aka kawo burabusko da miyar busasshen kifi, na ci har na ji kunya.

A nan ne Baturen ya fayyace mini abin da muka zo nema. Ya nuna mini wani ƙwaro a cikin sifirit, ruwan da ke hana shi ruɓewa, bai kai gaɓar yatsa ba, fukafukansa garai-garai a tsaye, da jela kamar zare. Ya ce tsutsarsa takan yi watanni a cikin ruwa, amma ranar da ta fito da fukafukai ba ta da bakin cin abinci, wuni ɗaya ne rabonta. Wannan da ya kama bara a bakin kogi bai ga irinsa a littattafan ƙasarsu ba. Sai dai mace ce, su kuwa a ƙa'idar aikinsu da namiji ake rarrabewa: girman idanunsa, tsawon ƙafafun gaba, jijiyoyin fiffike. In babu namiji, babu suna. Ni dai a da duk ƙwari nake ce musu.

Tungar masunta

Washegari muka shiga kwalekwale. Muka ratsa shinkafa da ciyawar kacalla, muna wuce masunta kwance rub da ciki a kan manyan goruna suna iyo. Kafin azahar muka sauka wata tunga a kan tudu. Mai masaukinmu tsohuwa ce Babarbariya, Ya Fanna, mai banda kifi. Ta ba mu rumfa, ta ce Bature ya yi haƙuri da hayaƙi, shi ne maganin sauronsu.

Aikin ba daɗi. Mu shiga ruwa har ƙugu, mu ɗago ruɓaɓɓen itace, mu tsinci tsutsotsi. Da almuru mu kaɗa raga a kan ruwa. Abin da muke kamawa mata ne, ko wasu irin da ya riga ya sani, ya duba da gilashinsa ya ce wannan ɗan gidan wane ne, wancan ɗan uwansa ne. Na ce ashe su ma da asali suke. Ya ce sosai ma, kowanne suna biyu gare shi, na dangi da nasa na kansa.

Da abin ya ƙi, ya ce mu yi kiwo. Ya Fanna ta ara mana ƙwarya, muka zuba ruwan kogi da guntun itace da tsutsotsi, muka rufe da yankin gidan sauro. Da yawa suka mutu. Wata magariba, ina idar da salla, na ga ɗaya manne a jikin ragar, fukafukansa dishi-dishi. Na rarumo kwalba. Baturen ya riƙe hannuna, ya ce tukuna, wannan rigar farko ce, sai ya sake tuɓewa.

Gari na wayewa muka tarar ya tuɓe. Ga tsohuwar fatar a gefe, ga shi yana sheƙi, idanu fal kai, ƙafafun gaba dogaye. Namiji ne. Mai Kwalabe ya zauna a turmin Ya Fanna yana zane yana aunawa. Kafin rana ta take ƙwaron ya mutu da kansa. Ya ce in manyansa sun tabbatar sabo ne, sunan kogin nan zai sa masa.

Ya Fanna ta ce in tambaye shi, wahalar me yake sha a kan abin da bai ga rana biyu ba. Na tambaya. Ya amsa yana ci gaba da zanensa, ni kuma na soma juya mata da Hausa.

"Ya ce ai ƙwaron ya zo duniya, Iya. Ya ce wuni ɗaya ma zuwa ne. In ba a kira sunansa ba, wa zai san…"

A nan na tsaya, ban ƙarasa ba. Shi bai lura ba, ita ta lura. Da ya tashi ta matso da tabarmarta, ta tambaye ni wa na rasa, na gaya mata duka. Ta ce ita uku ta binne kafin ranar suna. Biyu mijinta ya gaya mata sunayensu, har yau in tana daka takan kira su. Na ukun kuwa mijin ya rasu da sunan a bakinsa, kuma wannan ɗan ne ba ya barinta ta huta.

"Ɗana," ta ce, "kunya taka ce da manyanka. Matarka ce ta ɗauki cikin. Ka ba ta abinta."

Komawa

Dawowa ta fi sauƙi, ruwa ya ɗan ja, muka sami motar Ɗan'azumi ta cika da gyaɗa. Ya tambaya ko an harbo dorinar, na ce an harbo, tana cikin kwalba. Bayan la'asar muka shiga Haɗeja. Mai Kwalabe ya yi mini godiya a bariki, bai san ni ne ke da godiya ba, ban kuma iya fassara masa ita ba.

Ban biya gida ba, da laka a wandona na wuce gidan surukai, inda a ƙa'ida ba na zuwa da rana. Na tsaya a zaure na aika. Hajara ta daɗe kafin ta fito, ta rame ƙwarai, ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni ba ta ɗago ba.

Na ce, "Safiya na sa mata."

Ta ɗago kai. Sai ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta maimaita a hankali, sau biyu, sannan ta fashe da kukan da aka ce ba ta yi ba tun ranar. Da ta share fuska ta tambaye ni ko na ci abinci, ta ce in sa a share ɗakin, tana gama wankan jego za ta dawo.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa hakimin Guri da dawakinsa, da Ɗan'azumi, da Baturen da ban sake ganinsa ba. Ya Fanna kuwa, Allah ya haɗa ta da 'ya'yanta uku, ya sanar da ita sunan na ukun.