Abin da Ya Fito da Shi

Tun da Fumie ta zauna a bencin tashar jirgin ƙasa idonta ke kan saurayin nan. Yana tsaye gaban mashigar, tikiti a hannu, jama'a na ta kewaye shi suna wucewa. Gashinsa ya sauko har kafaɗa, da gani shi ya datse abinsa da almakashi. Fatarsa ta ɗashe kamar rana ta manta da shi, rigar kuwa ta 'yan sakandare ce, alhali ya doshi talatin. Sai ya ɗaga ƙafa, sai ya mayar. Da lasifika ta yi magana sai ya zabura.

Fumie ta san irin wannan ɗashewar. 'Yarta Chiharu na can ƙunshe a ɗaki shekara da shekaru, sai dai a ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Ba tausayi ne ya tashe ta daga bencin ba. So take ta ji dabarar da uwar wannan ta yi har ya fito.

"Samari, mashigar ba ta cizo fa," ta ce a hankali. "Me ya fito da kai yau?"

Bai dube ta ba. Muryarsa ta fito a shaƙe, kamar ta yi tsatsa.

"Jiya abinci bai zo ba, Inna. Da na buɗe ƙofa, na tarar da mahaifiyata kwance a ƙasa." Ya murza tikitin. "Wane jirgi ne ke zuwa asibiti?"

Fumie ta nuna masa, tana tunanin ranar da abincin Chiharu ma ba zai zo ba.